Damina Uku Kafin a Raba Iri

Daudawa, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Zuwa ga ɗiyata ta fari,

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, irin wadda baki ya daɗe yana riƙewa har ta koma takarda. Allah Ya sa wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya kai ku Kaduna lafiya, ke da maigidanki Malam Lawal, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa ku shiga sabon gidanku da ƙafar dama.

Na san za ki yi mamaki ki buɗe akwati ki tarar da rubutuna a ƙarƙashin zannuwa. Goggonki Indo ce ta saka, ni na roƙe ta. Ke ɗiyar fari ce. Shekara ashirin da huɗu ban kira sunanki ba, ban zauna tabarma ɗaya da ke ba. In kin shigo zaure sai in sami abin dubawa a tayar babur, ke kuma ki durƙusa ki gaida bango ki wuce. Haka muka tarar iyayenmu suna yi, ban kuma taɓa ganin aibun abin ba sai makon nan, da magana ta taso wadda ba ta aikuwa ta bakin kowa.

Kada ki ga laifin Goggonki. Ta riƙe miki sirri kwana goma, kin kuwa san kwana goma a bakin Indo shekara ce. Ta faɗa mini kin ji wani ƙullutu a ƙirjinki. Ta ce likitan Funtuwa ya ba ki kati zuwa babban asibitin Zariya ranar Talata ta sama, don a ɗebi ɗan yanki a auna a ga ko mene ne. Ta ce kin rantse ba za ki je ba, wai wuƙar asibiti ce ta kashe mahaifiyarki. Ta kuma ce Malam Lawal ya karanta a wata takarda labarin wani sabon magani da ake gwadawa a ƙasar waje, mai narkar da ciwon daji ba yanka ba jini, har wani abokinsa ɗan kwangila ya yi alkawarin taho muku da shi.

Tun da na ji wannan abinci bai yi mini daɗi ba. Magana ɗaya ce a wasiƙar nan: ki je Zariya ranar Talata. Sauran duk da za ki karanta laifuffukana ne, na jera miki su don ki san wanda yake roƙon ki ba mai wayo ba ne, wanda ya taɓa faɗawa ramin ne.

Kin tashi kin gan ni malamin gona, amma ba ki san yadda aka koya mini aikin ba. Lokacin da aka kawo ni gonar gwajin auduga ta nan Daudawa, ko gemu ban fara ba, ƙa'idar wurin ɗaya ce. Duk sabon irin da aka aiko, komai kirarin da ya zo da shi, ba a ba manomi sai ya yi damina uku a hannunmu. A shuka shi layi-layi, a shuka tsohon iri a gefensa, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, noma ɗaya. In kaka ta yi a tsince kowane fegi daban a ɗora a sikeli. Wanda tsutsa ta ci sai an rubuta shi, gurbin da bai tsiro ba ma sai an rubuta shi. Ba a zaɓo tushe ɗaya mai kyau a ɗaga wa mutane a ce ga abin da irin yake yi.

Wata shekara aka kawo mana wani iri. Ɗiyata, ban taɓa ganin auduga irin wannan ba. Daminar farko ta kai mini kafaɗa, ta zuba 'ya'ya har rassa suna sunkuyawa. Na ce a raina wannan kuma me za a jira? Turawan nan dai son wahalar da mutane gare su. Na ɗebi gurya rabin buhu a ɓoye, na ɗaure a bayan keke, na kai wa abokina Barau a Tafoki. Barau ya ajiye irinsa na gado ya shuka nawa a gonarsa mafi kyau. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri. Tsohon iri na maƙwabtansa ya riga ya fashe ya yi fari, nawa kuwa yana tsaye kore shar, ashe mai son dogon ruwa ne. Haka ya bushe da 'ya'yansa a rufe. Da na je yi masa jaje, Barau ya dube ni ya ce, “Malam, wagga auduga taka ta iya kwalliya, haihuwa ce ba ta iya ba.” Iyalinsa kuwa sun ji jiki a wannan rani.

Daga ranar na ɗauki tambaya uku na rataya a wuya, ke ma ki rataya su. Duk wanda ya zo miki da sabon abu, ki tambaye shi: a gefen me aka gwada shi? Damina nawa ya yi? Ina waɗanda bai yi wa aiki ba? Na riƙe wannan karatu shekara da shekaru. Na hana manoma iri har suka laƙaba mini suna Malam Sai-Baɗi, ina kuma jin daɗin sunan. Mahaifiyarki ma da shi take tsokanata. In na ce a ƙara mini miya sai ta ce, “Sai baɗi, Malam, ba a gama gwada ta ba.”

Yau shekara shida ke nan ba wanda ya hana ni miya, ban kuma ƙara jin daɗinta ba. Mazarinta na nan a kan tagar ɗakinta da sauran zare a jikinsa, ban bari an taɓa ba. Wani lokaci in ina alwala in ji ana daka a maƙwabta, a yi luguden nan nata mai tsalle ɗaya, sai in tsaya da buta a hannu har a gama. Ina kewarta, ɗiyata. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau na faɗa miki.

Kin tuna shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka haɗa mana har da na baya? Kina makarantar horon malamai a lokacin, sai hutu kike zuwa. Garin nan kowa ya zare. Wanda bai taɓa mallakar jaki ba ya sayi babur. Rediyo a kowane zaure, kwano ya hau kan ɗakunan da kakanninmu suka rufe da azara. Jirgi na kai alhazai Makka a yini ɗaya, ana cewa mutum ya taka wata ya dawo. Muka ɗauka an gama gyara duniya, abin da ya rage kawai a loda a mota a kawo mana rabonmu. Ni da nake ganin na fi kowa ilimi a unguwa, na fi kowa shiga wannan maye.

A shekarar ce mahaifiyarki ta ji nata ƙullutun. Ta faɗa mini muna zaune tana ɓarar gyaɗa, kamar mai ba da labarin akuya. Na kai ta Funtuwa, aka tura mu Zariya. Likitan da ya duba ta wani dattijo ne mai furfura, ba ya jin Hausa, wata nas ce take fassara. Ya ce daji ne, amma yana wuri ɗaya, iyakar abin da hannunsa ya ji bai kai hammata ba. Ya ce a cire wurin gaba ɗaya. Na tambaye shi, in an cire shi ke nan ta warke? Ya ce ba zai yi mini alkawari ba, amma da yawa da aka yi wa da wuri suna nan suna harkokinsu, wasu kuma yakan dawo musu. Ya rubuta mana rana a kati, mako uku masu zuwa. Na fito ina jin haushinsa. Na ce wane irin likita ne wannan, da farin gashinsa, ba zai iya cewa i ko a'a ba?

A tashar Funtuwa, muna jiran motar gida, mahaifiyarki ta saya mana rake tana fere mini. Ta ce, “Su cire mana, Malam. Ɗiya huɗu na shayar da shi, ai ya gama aikinshi.”

Ki lura da wannan da kyau: ita ta yarda. Ni ne ban yarda ba. Na gaya wa kaina tausayinta nake ji, wannan rabin gaskiya ne. Ɗaya rabin, ban so a rage mini komai a jikinta ba, ina kuma tunanin abin da mata za su riƙa faɗa a gidan biki. Son kai ne na yi masa rawani na kira shi tausayi. Saboda haka in kin ga wani yana hana ki magani don yana son ki, ki gode masa da son, amma ki tuna ba a jikinsa ciwon yake ba.

Ana cikin haka wani abokin aikinmu ya dawo daga Kaduna da mujallar Turanci. A shafin tsakiya, da manyan baƙaƙe, an rubuta cewa ƙarshen ciwon daji ya kusa, an samo wani magani. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an ce a jikin ɓeraye aka gwada shi, sai wasu mutane 'yan kaɗan, kuma masu binciken da kansu sun ce da sauran tafiya. Na karanta manyan baƙaƙen sau goma, ƙananan sau ɗaya. Da la'asar na tafi da ita gindin tsamiyar da muke zama, na fassara wa jama'a kamar yadda na saba fassara musu labarin duniya. Ɓerayen nan ban ambace su ba. “Da sauran tafiya” ma na haɗiye ta. Ban yi niyyar ƙarya ba, bakina ne ya tsallake abin da zuciyata ba ta so.

Bayan kwana takwas na je kasuwar Faskari. Wani mai sayar da igiya, wanda bai san ni ba, ya ce mini, “Malam, ka ji Turawa sun gama da daji? Allura ɗaya ce, shina narkewa kamar man shanu. Wani babban malamin gona ya karanta a takarda.” Wallahi, ɗiyata, sai na ji sanyi a raina, na ce to ga shi har a Faskari an sani. Labarin da na shuka da bakina ne ya zagayo ya same ni ya yi ƙiba, na kuma karɓe shi a matsayin shaida. In an kawo miki labari mai daɗi, musamman wanda kike ƙishirwar ji, ki bi sawunsa har gindin bishiyar da aka fara faɗarsa. Ki ce Malam Lawal ya kawo takardar, ku karanta ƙananan baƙaƙen tare, da ƙarfi, kowa na ji.

Wani direban motar auduga ne ya yi mana kwatancen mai maganin a Kaduna. A saman wani bene yake. Ɗaki da fanka, da darduma mai laushi, bango cike da takardu a cikin gilashi. Mutumin sanye da farar riga da laktaye, hannunsa da taushi. Ya kira ni Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa gani ba, na kuwa amsa. Na nuna masa mujallar, ya ce ai maganin ke nan, shi ne ya fara shigo da shi ƙasar nan. Ya ce manyan asibitoci suna ɓoye shi ne don da wuƙa suke cin abinci. Ya ce wata uku, in bai narke ba in canja masa suna. Sannan ya ɗauko wani katon littafi cike da hotuna da wasiƙun godiya, wannan daga Ikko, wannan daga Jos, kowa na murmushi.

Ga abin da nake nema tun daga Zariya: mutumin da zai ce mini i. Tambayoyina uku, waɗanda na hana manoma barci da su, ko ɗaya ba ta zo bakina ba.

Mahaifiyarki ce ta yi tambayar. Tana zaune a gefen kujera, ta ja mayafi, ta gama kallon hotunan tsaf. Ta ce, “To, waɗanda sunka sha bai yi masu ba, ina nasu hotunan?”

Mutumin ya yi dariya ya ce mini uwargida akwai barkwanci. Ni kuma na juya na ce mata, “Ke, yi shiru mana, ana maganar ilimi.” Macen da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta yi tambayar malamin gona, malamin gona ya ce ta yi shiru. Na sayi kwalabe goma sha biyu 'yan ƙanana, na rungumo su har gida kamar ƙwai. Amsar tambayarta kuwa sai daga baya na gane ta da kaina: wanda ke kabari ba ya rubuto wasiƙar godiya.

Ranar da ke rubuce a katin Zariya ta zo. Na fito da safe na tarar ta yi wanka, ta ɗaure 'yan kayanta a ɗankwali, tana zaune a kan turmi tana jira. Na gan ta, ta ga na gan ta. Na tura babur waje na tafi gonar gwaji, na yini ina auna audugar gwamnati ina rubuta har gurbin da bai tsiro ba. Da na dawo ta kwance kayan, ta kawo mini tuwo. Tana ajiyewa ta ce, ba da faɗa ba, “Ashe iri ya fi ni gata, Malam. Shi ana jira mashi damina uku.”

Na ci tuwon.

Makonnin farko sai abin ya yi kamar gaskiya. Ta soma cin abinci, kumatu suka ciko, zafin ya lafa. Na koma gindin tsamiya ina baza labari. Daga baya nas ɗin Zariya ta ce mini irin waɗannan magunguna sau da yawa akan haɗa su da abin buɗe ciki da na kashe zafi, mutum ya yi ƙiba ciwon na cinsa ta ƙasa. Daminar farko ce, irin ta audugar Barau, ni kuwa na sake loda ta a bayan keke.

Allah bai bar ni ba gargaɗi ba. Kin san Baba Nomau, ƙanen kakanki na wajen uwa, wanda da danginsu suka musulunta suka koma Sabuwa shi ya zauna a ƙauyensu na bayan Ƙanƙara a kan al'adar iyayensa. Mutane daga nesa suke zuwa wurinsa neman magani. Mahaifiyarki ta matsa sai mun je gaishe shi. Ya sa matarsa ta shiga da ita ɗaki ta duba, ta fito ta faɗa masa abin da ta gani. Ya ce, “Ina da na maciji, ina da na shawara, ina da na karaya. Wanga ba ni da shi. Ku tahi wurin masu wuƙa tun shina da sauran kunya.”

Na fito da kwalba ɗaya daga aljihu na nuna masa, ina taƙama. Ya ɗaga ta a rana, ya juya ta. Ya ce, “Wa ka sani da ya sha ya tashi? Wanda za ka kai ni gidanshi in sha ruwa, in ga ɗiyanshi?” Na ce akwai su a littafi. Ya miƙo mini kwalbata ya ce, “To, littahi ya sha.”

Na hau babur ina ce wa kaina me tsoho mai warin giya ya sani game da binciken Turawa. Yanzu da na tsufa na gane, ban da mahaifiyarki, mutum biyu ne kawai suka faɗa mini gaskiya a wannan shekara, dattijon Zariya da ya ce ba zai yi alkawari ba, da Baba Nomau da ya ce ba shi da shi. Ɗaya ya yi karatu har ƙasar waje, ɗaya bai san bihim ba, amma kowannensu ya san iyakar gonarsa. In mai magani ya ce miki “ban sani ba tukuna” ko “wannan ya fi ƙarfina,” ki matsa kusa da shi. Wanda ya ce miki ɗari bisa ɗari, ya kuma ce ki bar abin da ke hannunki, ki nemi takalmanki.

Wata bakwai muka yi. Wurin ya fashe, hammata ta kumbura, baya ya soma ciwo, tari ya shigo. Na koma Kaduna na hau benen nan da gudu, na tarar ana sayar da rediyo da agogon bango a ɗakin. Ba wanda ya san inda mutumin ya yi. Sai a sannan na kai ta Zariya. Dattijon nan ya karɓi katin, ya dubi ranar da ya rubuta da hannunsa, ya ɗago ya dube ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce aikin da ya so yi a da ba zai yiwu ba yanzu, abin ya bazu. Suka yi mata ɗan ƙaramin aiki don a tsabtace gyambon ta sami sauƙin kwanciya, suka ba mu maganin zafi, muka dawo gida. Ta yi kwana arba'in da 'yan kai, ta cika lokacin da auduga ta fashe gonaki suka yi fari.

Yanzu ga laifin da ya fi duka, wanda ya sa na ɗauki alƙalami. A zaman makoki na ji mata suna cewa, “An kai ta asibiti an yanka ta, shi ke nan ba ta ƙara tashi ba.” Na ji maza ma suna maimaitawa a zaure. Na san ba haka ba ne, na yi shiru, domin maganar ta zame mini bargo. Aka ɗauko ki daga makaranta, kika shigo kina kuka, wannan magana ce ta fara shiga kunnenki. Ina zaure ina jin ki, na bar ki da ita.

Alhali kwana uku kafin ta rasu, ta kama bakin rigata ta ce, “Na yahe maka, Malam, duniya da lahira. Amma ka hwaɗa ma ɗiyarka gaskiya. Mace ce.” Na ce to. Kullum ina cewa sai kin gama makaranta, sai kin yi aure, sai an sami lokaci. Malam Sai-Baɗi dai. Na fake da kunyar ɗiyar fari, alhali tsoro ne, kada ki dube ni irin duban da likitan nan ya yi mini. Yau ga shi shiruna ya tsaya tsakaninki da ƙofar asibiti. Wuƙa ba ta kashe mahaifiyarki ba, ɗiyata. Ta yi wanka ta ɗaure kaya tana jiran a kai ta wurin wuƙar, ni na tura babur na tafi gona.

Ban ce da mun je ranar da yanzu tana nan ba. Kwana na Allah ne, likitan ma bai yi alkawari ba. Amma an ba mu dama a hannu na musanya ta da kirari, wannan kuwa ba ƙaddara ba ce kaɗai, da hannuna a ciki. Ban kuma ce duk sabon magani ƙarya ba ne. Irin da muke shukawa yau ai shi ma baƙo ne wata rana, gwaji ne ya mai da shi ɗan gida. Wataƙila maganin da ke cikin takardar Malam Lawal ya zama gaskiya nan gaba, Allah Ya sa. Amma masu gwaji na gaskiya suna faɗa maka gwaji ne, suna rubuta wanda ya tashi da wanda bai tashi ba, ba sa aiko shi a jakar ɗan kwangila. In likitocin Zariya da kansu suka ce akwai wani sabon abu, ki saurara, ki yi musu tambayoyin nan uku, ba za su ji haushi ba.

Kada ki riƙe Malam Lawal a zuciya. Yaron kirki ne, duk da wandon nan nasa mai faɗin ƙafa da yake share mana zaure kyauta. Tsoro ne yake ji, irin wanda na ji, shi ya sa in na dube shi nake ganin kaina. In kin ga dama ki ba shi wasiƙar nan ya karanta. Suruki ba ya son surukinsa ya ga tsiraicinsa, amma gara ya ga nawa da ya wayi gari da irinsa.

Ki kuma tuna har yanzu ba wanda ya ce daji ne. Goggonki ta ce likitan Funtuwa ya faɗa muku a shekarunki sau da yawa irin wannan ƙullutu ba komai ba ne. Awo ne kawai zai raba gardama. In ba komai, mu yanka rago. In da komai, to an kama shi yana wuri ɗaya, a daminar da ya kamata.

Tun jiya da aka soma ɗaure kayanki gidan nan ya yi mini faɗi. Ba ki sani ba, amma tafiyarki irin tata ce, har yadda kike ture labule da bayan hannu. Shekarun nan da kike koyarwa a Faskari, sau uku babur ɗina yana lalacewa daidai bayan tagar ajinki. Lafiyarsa ƙalau. Tsayawa nake in ji muryarki kina fama da 'ya'yan mutane, in cika da alfahari in hau in tafi. Ban san yadda zan yi da zauren nan ba in babu mai wucewa ta gaida bango.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga wani tsohon kati ya yi ja. Na mahaifiyarki ne. Ki dubi ranar da aka rubuta, ki dubi gurbin da ke gefenta, inda akan buga hatimi in mutum ya zo. Ba komai a wurin. Shekara shida ina buɗe shi ina kallon gurbin nan. Na ba ki shi, ni ya ishe ni.

Ranar Talata zan shiga motar farko. Akwai wata bishiyar darbejiya a bakin ƙofar asibitin, a nan zan tsaya. In kina jin nauyina ba sai kin gaishe ni ba, ba sai kin dubi inda nake ba. In ga shigarki kawai. Zan tsaya har a rufe ƙofa.

Allah Ya tsare ki a tafiya da zama. Allah Ya sa abin da za a auna ya zama alheri, Ya ba ki tsawon rai ki ga jikokinki, Ya zaunar da ku lafiya da mijinki. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya haskaka kabarinta, Ya yafe wa wanda ya ce ta yi shiru.

Kakanninmu za su yi mini uzuri, yau ɗaya dai.

Safiya. Safiyatu. Don Allah ki zo.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Malam Sai-Baɗi, wanda ya ce wannan karon ba sai baɗi ba.